Kira Huɗu a Shekara Biyu

Har zuwa farkon 2019, saurayi ɗan shekara 18 da cocin Mormon ya tura wa'azi daga jihar Utah ta Amurka zuwa Birazil ko Japan ko Filifin, sau huɗu kacal yake jin muryar mahaifiyarsa kafin ya dawo gida: Kirsimeti biyu, da Ranar Iyaye Mata biyu, wadda a Amurka take faɗowa Lahadi ta biyu a watan Mayu. Ɗan ƙaramin littafin dokoki da yake yawo da shi a aljihun riga ya nemi kada kiran ya wuce minti 30 zuwa 40. In aka tara duka, hirar shekara biyu ba ta cika awa uku ba. 'Yan mata, da wa'adinsu wata 18 ne, yawanci kira uku suke samu. Sauran zumunci kuwa sai ta wasiƙa, sau ɗaya a mako, da farko ta gidan waya, daga baya ta imel.

Ranar 15 ga Fabrairun 2019 shugabannin cocin a birnin Salt Lake City suka soke wannan tsari. Sanarwar ta ce ɗan mishan yana iya magana da iyalinsa kowane mako a ranar hutunsa, ta waya ko saƙon tes ko kiran bidiyo, ban da ranakun bukukuwa da ranakun haihuwar iyaye. Sharaɗin da ya rage shi ne shi zai nemi gida, ba gida ne zai neme shi ba. Iyaye mata sun yi murna. Amma cikin waɗanda suka yi nasu aikin a ƙarƙashin tsohuwar doka an samu masu gunaguni. Su sun jure, in ji su, kuma juriyar ce ta mayar da su maza. Yaran yanzu dama an sangarta su, ga shi an ƙara miƙa musu abin da zai hana a yaye su daga gida.

Gunagunin nan ba shirme ba ne, kuma za a ba shi hakkinsa a gaba. Sai dai idan aka auna rayuwar waɗannan matasa da abin da ake ɗora musu, sauyin ya yi daidai, ya ma makara, kuma bai taɓa inda ciwon yake ba. Ƙirga yawan kira abu ne mai sauƙi. Mai wuya shi ne sanin abin da yaro zai iya faɗa bayan an ɗaga wayar.

Sunan cocin na ainihi shi ne Cocin Yesu Almasihu na Tsarkakan Zamanin Ƙarshe. Joseph Smith ne ya kafa shi a jihar New York a 1830, kuma tun 2018 shugabanninsa suke roƙon a daina kiransu Mormon, laƙabin da ya samo asali daga littafin da suke riƙe da shi tare da Baibul. Duniya ba ta daina ba tukuna. Mabiyansa sun haura miliyan 17, fiye da rabinsu a wajen Amurka, kuma a ƙarshen 2024 yana da 'yan mishan masu wa'azi sama da 70,000 a faɗin duniya, mafi yawansu ba su kai shekara 25 ba. Ga 'yan mata fita wa'azi ganin dama ne. Ga samari kuwa ana koyar da shi a matsayin wajibi tun suna ƙanana, ana yi musu waƙarsa a ajin yara, wasu har da asusun tara kuɗinsa.

Saurayin ba ya zaɓen inda za a kai shi. Zai cika takardu, likita ya duba shi, bishop ɗin unguwarsu ya yi masa tambayoyi a kan imaninsa da tsarkinsa, sannan a tura komai hedikwata, inda ɗaya daga cikin manyan shugabanni 12 da suke kira manzanni zai dubi hotonsa ya yanke masa ƙasa. Ranar da takardar kira ta iso rana ce ta biki. Dangi da abokai su cika falo, kowa ya yi canki-canka a kan taswira, a kunna kyamara, yaro ya karanta da ƙarfi muryarsa na rawa, har ya iso layin da sunan wurin yake, ɗaki ya ɗauki ihu. Daga wannan lokaci aikin ya zama na gidan baki ɗaya, kuma wannan ne ya sa komawa da baya take da nauyi haka.

Babbar cibiyar horo tana garin Provo a Utah. A da iyaye kan shiga ciki a yi musu jawabi, sannan su fita ta wata ƙofa, 'ya'yansu su bi wata. Tun 2009, lokacin annobar murar aladu, a bakin titi ake sallama: mota ta tsaya, a sauke akwatuna, a rungumi juna na 'yan mintoci, a wuce saboda layin motoci na baya. A ciki za a maƙala masa baƙin bajo a ƙirji ɗauke da sunan zuriyarsa da laƙabin Elder, wato dattijo, ko da gemunsa bai gama tsirowa ba. Yarinya kuma Sister, wato 'yar'uwa. Sunan yanka an ajiye shi ke nan sai bayan shekara biyu. Wanda za a tura inda ake jin harshensa makonni kaɗan yake yi. Wanda zai koyi Sinanci ko Koriyanci ko Rashanci yana iya kai mako 9, sannan a sa shi a jirgi da abin da ya samu.

Ranar ɗan mishan

Ƙarfe 6:30 na safe ake tashi. Rabin awa na motsa jiki, wanka, karin kumallo, sai karatu: nazarin littattafan addini shi kaɗai, nazari tare da abokin aikinsa, bitar harshe, da tsara yadda za a kashe kowace awa ta ranar. Wajen hantsi su fita, farar riga da maɗaurin wuya, a ƙafa ko a keke ko a motar haya, ba za su dawo masauki ba sai wajen ƙarfe 9 na dare. Kafin 10:30 an kashe fitila. Tun 2017 an bai wa shugabannin mishan damar matsar da waɗannan lokuta gaba ko baya gwargwadon al'adar ƙasa, ta yadda a wasu wurare na Afirka ake sammako a kuma tashi da wuri, amma ƙashin bayan tsarin bai canza ba.

Aikin kansa maimaici ne: ƙwanƙwasa ƙofofi, tsayar da mutane a hanya, koyar da wanda ya yarda a zo gidansa, ziyartar mabiyan da suka daina zuwa coci, taya wani share fili ko kwashe kaya, a 'yan shekarun nan kuma neman masu saurare ta Facebook da wayar da cocin ya tace abin da za ta iya buɗewa. Mafi yawan ƙofofin ana rufe su ne kafin a gama gaisuwa. A wasu ƙasashen Turai mutum kan gama wa'adinsa bai yi wa kowa baftisma ba. Mitt Romney, wanda ya nemi shugabancin Amurka a 2012, ya yi nasa a Faransa daga 1966 zuwa 1968, yana tallan addinin da ya haramta giya ga mutanen da ba sa cin abinci sai da ruwan inabi a tebur. Ya sha rufin ƙofa.

Giya, taba, gahawa da ganyen shayi haramun ne ga kowane mabiyi. Ɗan mishan an ƙara masa nasa: ba talabijin, ba silima, ba kiɗan da ba na ibada ba, ba iyo, ba zance, ba keɓewa da jinsin da ba nasa ba. Labaran duniya ma sai abin da ya tsinta a bakin mutane.

Amma dokar da ta fi kowace shiga jiki ita ce ta abokin aiki. Biyu-biyu ake tura su, kamar yadda Linjila ta ce Yesu ya tura almajiransa, kuma dole kowane ya kasance inda ɗayan zai gan shi ya kuma ji shi, dare da rana, in ban da banɗaki. Ɗaki ɗaya suke kwana, gado daban-daban. Shugaban mishan ne yake haɗa su, kuma duk bayan mako 6 yana iya raba su ya haɗa kowane da wani. Ɗan manomi daga Idaho yana iya wayar gari da ɗan birnin Manila. Mai tsafta da ƙazami. Mai zafin ibada da wanda iyayensa suka turo. Dalilan dokar a bayyane suke, kuma masu ƙarfi ne: tsaro a baƙuwar ƙasa, shaida idan aka yi wa ɗaya ƙazafi, da kuma ido a kan wanda zuciyarsa ta fara karkata. Da yawa sukan fito da aminan da za su riƙe har tsufa. Sai dai abin da dokar take haifarwa a kaikaice shi ne wani irin kaɗaici na musamman. Mutum ba ya taɓa zama shi kaɗai, don haka ba shi da inda zai yi kuka ba a gani ba. Kuma wanda yake gefensa kullum, shi ne wanda aka ɗora wa alhakin kai rahoto in ya ga wani abu ya karkace.

Rana ɗaya a mako, galibi Litinin, ita ce ranar shiri. Ba hutu ba ne sosai: wanki, cefane, aski, sharar masauki, wataƙila ƙwallo da sauran 'yan mishan, kuma da ƙarfe 6 na yamma a koma bakin aiki. A cikin waɗannan awoyi ake rubuta wasiƙu biyu. Ɗaya zuwa ga shugaban mishan, wanda alƙaluman mako suke isa teburinsa: mutum nawa aka samu, nawa suka zo coci, nawa aka sa wa ranar baftisma. Ɗaya kuma zuwa gida.

Gidan da yake biya

Ɗan mishan ba ya karɓar albashi; shi ne ma yake biya. A Amurka shekaru da dama kuɗin dala 400 ne a wata, ko ina aka tura mutum, ana zubawa a asusu ɗaya don mai aiki a Tokyo da mai aiki a ƙauyen Bolibiya su biya daidai. Dala 9,600 ke nan a wata 24, daga ajiyar yaron, ko aljihun iyaye, ko karo-karon 'yan coci. Wato a ƙarƙashin tsohuwar doka iyali suna nan a cikin aikin kowane wata ta hanyar banki, amma muryarsu sau biyu kawai take shiga a shekara.

Abin ya fi ɗaure kai idan aka dubi aƙidar cocin. Da wuya a samu wata ɗarikar Kirista da ta ɗora iyali a tsakiyar tauhidinta kamar wannan. Suna koyar da cewa auren da aka ɗaura a haikalinsu ba ya ƙarewa da mutuwa, kuma 'ya'ya suna ɗaure da iyayensu har abada. Tun 1915 suke da al'adar keɓe dare ɗaya a mako don iyali su zauna tare, daga 1970 aka tsayar da shi daren Litinin. Saƙon da ɗan mishan yake kai wa ƙofar baƙo shi ne iyali za su iya kasancewa tare har abada, alhali shi an hana shi jin muryar ƙanwarsa har watan Disamba.

Masu kare tsohon tsari suna da amsa, kuma daga tarihi suke ɗauko ta. A watan Satumban 1839 Brigham Young da Heber C. Kimball suka bar iyalansu a bakin kogin Mississippi suka nufi Ingila wa'azi, su biyun suna fama da zazzaɓi, matansu ma a kwance, matar Young da jaririya 'yar kwanaki a hannu. Kowane yaro ɗan Mormon ya san labarin. Darasin da ake cirewa shi ne aikin Allah yana bukatar a yanke igiya, kuma wanda ya waiwaya bai dace da shi ba.

To amma shirun da ya shiga tsakanin Brigham Young da matarsa tekun Atilantika ne ya jawo shi. Wasiƙa makonni take yi a jirgin ruwa, kuma sun rubuta iyakar abin da suka iya. Da tarho ya zo, kiran ƙasar waje tsada ne da shi, don haka dokar kira biyu a shekara tana da hujjar aljihu. Da intanet ya sa kiran ya zama kusan kyauta, hujjar aljihu ta faɗi, dokar ta tsaya, sai aka nemo mata hujjar ruhi. Haka ƙungiyoyi da yawa suke yi: abin da tilas ta haifar, idan ya daɗe, sai a sa masa rawani a ce hikima ce.

Akwai ma wani labari da cocin yake yawan bayarwa wanda, idan aka karanta shi da kyau, yana goyon bayan sauyin. A 1933 Gordon B. Hinckley, wanda ya shugabanci cocin daga 1995 zuwa 2008, yana matashin ɗan mishan a garin Preston na Ingila. Ba shi da lafiya, ba mai sauraronsa, sai ya rubuta wa mahaifinsa cewa yana ɓata lokacinsa da kuɗin uban ne kawai. Uban ya amsa a gajarce, ya ce ya manta da kansa ya kama aiki. Hinckley ya ce wannan wasiƙa ce ta juya rayuwarsa. Ana ba da labarin a matsayin darasin taurin zuciya. Amma abin da ya faru a zahiri shi ne yaro ya kai maƙura, ya gaya wa mahaifinsa gaskiya tsirararta, mahaifin ya ji, ya amsa. Abin da ya tsayar da shi a Ingila daga gida ya fito.

Duk da haka, akwai gaskiya a bakin masu gunaguni. Wanda yake ganin ɗakin girkin gidansu a fuskar waya duk Litinin, kewar da ta fara warkewa sai ta fama. Mai koyon sabon harshe yana bukatar ya nutse a ciki. Akwai iyayen da ba su san iyaka ba, masu son su gyara wa ɗansu abokin aiki da shugaban mishan daga nisan kilomita dubbai, kuma akwai labarin gida da babu amfanin yaro ya ji shi da ɗumi-ɗumi alhali ba abin da zai iya yi a kai. Wasiƙa tana tilasta wa mutum ya zauna ya tsara tunaninsa. A gidajen Utah da yawa akwai akwatunan wasiƙun kakanni daga Jamus da Samowa da Meziko, waɗanda jikoki suke karantawa yau. Kiran bidiyo ba ya barin komai a akwati. Waɗannan asarori ne na gaske. Sai dai dole a ɗora su a sikeli ɗaya da abin da yake ɗaya bangaren.

Waɗanda suke dawowa kafin lokaci

A watan Oktoban 2012 shugaban cocin na lokacin, Thomas S. Monson, ya rage shekarun fita: samari daga 19 zuwa 18, 'yan mata daga 21 zuwa 19. Yawan 'yan mishan ya tashi daga kusan 59,000 a ƙarshen 2012 zuwa sama da 85,000 a ƙarshen 2014. Shekara ɗaya ba ta da yawa a takarda, amma ita ce shekarar da saurayi kan yi a jami'a ko wurin aiki, ya koyi dafa wa kansa abinci, ya ɗanɗana kewa a inda zai iya komawa gida ƙarshen mako. Bayan 2012 da yawa daga bikin gama sakandare suke wucewa Provo, daga ɗakin da suka girma a ciki zuwa wata nahiya.

Marubuciya Jana Riess, a littafinta The Next Mormons na 2019, ta gano cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na matasan wannan zamani da suka fita wa'azi sun dawo kafin wa'adinsu ya cika. Wani bincike da Kristine Doty ta jagoranta a Jami'ar Utah Valley, a kan mutum 348 da suka dawo da wuri, ya nuna cewa damuwar ƙwaƙwalwa da rashin lafiyar jiki su ne manyan dalilai, nesa da saɓa doka, kuma kashi 73 cikin 100 sun ce sun dawo suna jin sun gaza. Wanda ciwo ya dawo da shi bai yi laifin komai ba, amma yana jin kunyar da mai laifi yake ji. Wannan kunya ba daga sama ta faɗo ba.

Marion G. Romney, wanda ya kai matsayin mataimakin shugaban cocin, ya sha ba da labarin ranar da zai tafi Ostireliya wa'azi a 1920. A tashar jirgin ƙasa mahaifinsa ya gaya masa cewa sun gwammace su zo su karɓi gawarsa a akwati da ya dawo musu ya ɓata tsarkinsa. Maganar a kan lalata aka yi ta, ba a kan rashin lafiya ba. Amma unguwa ba ta tantance irin wannan. Idan yaro ya bayyana a coci a wata na 5, tambayar farko da take zuwa zukatan mutane ita ce me ya aikata. A majami'u da yawa na Amurka akwai allo a bango ɗauke da hoton kowane ɗan mishan na unguwar, da taswirar inda yake, da ayar da ya zaɓa. An yi masa taron bankwana, ya yi jawabi a mumbari. Mahaifiyarsa duk Lahadi ana tare ta ana tambayar lafiyar Elder. A garuruwan da Mormon suka yi yawa, har maganar aure wannan take shafa, domin an tarbiyyantar da 'yan mata da yawa a kan su nemi wanda ya kammala aikinsa.

Duk wannan yaron ya sani lokacin da ya zauna rubuta wasiƙar Litinin. Ya kuma san cewa wasiƙar ba a hannun uwa za ta tsaya ba: al'ada ce a tura ta ga jerin dangi, abokai da 'yan coci, wani lokaci mutum ɗari ko fiye. Saboda haka wasiƙar ɗan mishan ta zama wani salon rubutu mai ƙa'idojinsa: abin dariya game da baƙon abinci, ƙaramar mu'ujiza da ta faru ranar Alhamis, hoto da murmushi, shaidar imani a ƙarshe. Babu gurbin da zai ce mako uku ke nan bai yi barcin kirki ba, ko abokin aikinsa yana musguna masa, ko ya fara shakkar abin da yake koyarwa.

A nan ne kiran mako-mako yake da amfanin da wasiƙa ba ta da shi. Uwa tana iya jin abin da ba a faɗa ba. Tana ganin rama, tana jin murya ta dushe. Ƙarƙashin tsohon tsari, yaron da ya fara nutsewa a watan Yuni sai Disamba wani na gida zai ji muryarsa. Wannan kaɗai ya isa hujja.

Amma kiran ma yana da nasa shamaki. Abokin aiki yana nan kusa, kamar yadda doka ta ce, ko da shi ma yana kan nasa kiran. A ɗaya bangaren kuma an jera ƙanne a kujera suna ɗaga hannu, ga uba da ya yi nasa aikin shekara 25 da suka wuce bai yi ƙorafi ba. In har cocin ya yarda cewa gida ƙarfi ne ga ɗan mishan, kamar yadda sanarwar 2019 ta nuna da ta ce ana son iyalai su ƙara shiga cikin aikin 'ya'yansu, to mataki na gaba a fili yake: a ba yaro damar magana da iyayensa a inda ba mai jinsa. Rabin awa a ɗaki a rufe ba zai rushe tsarin da ya kusa shekara 200 ba. Sauran aikin kuma na iyaye ne, kuma kafin tafiya ake yinsa. Yaron da aka gaya wa a bakin titin Provo cewa ƙofar gida a buɗe take ko yaushe ya dawo, shi ne zai iya faɗin gaskiya a waya, kuma sau da yawa faɗin gaskiyar da wuri shi yake hana abin ya kai ga dawowa.

Cocin ya ɗan motsa ta wannan fuska. Yana da masu ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa da 'yan mishan za su iya gani. A 2016 Jeffrey R. Holland, ɗaya daga cikin manzannin, ya fito a bidiyo yana gaya wa waɗanda rashin lafiya ya dawo da su cewa su ɗauki kansu a matsayin waɗanda suka yi aikinsu, kada su tsaya ba kowa haƙuri. Daga 2019 aka faɗaɗa tsarin aikin hidima, inda matashi zai zauna a gidansu yana aikin jinƙai, kuma wanda ya dawo da wuri yana iya ƙarasa wa'adinsa ta nan. Takarda daga hedikwata kwana ɗaya take yi ta isa ko'ina. Kallon da ake yi wa mutum a harabar coci ya fi ta jinkirin sauyawa.

Akwai kuma wurin da tsohon tunani bai saki ba. Idan uwa ko uba ko ɗan'uwa ya rasu, littafin ƙa'idojin cocin ya bar wa ɗan mishan zaɓin ya je jana'iza ya dawo, amma shawarar da aka fi ba shi ita ce ya zauna a bakin aiki, in da hali ya kalli jana'izar ta intanet. Zaɓin da aka miƙa wa ɗan shekara 19 tare da nuna masa amsar da ake so, ta bakin mutumin da yake kallo a matsayin wakilin Allah, da wuya a kira shi zaɓi.

Hoton ɗan mishan farar fata daga Utah ma ya daina zama cikakken hoto. Har zuwa Yunin 1978 cocin ya hana baƙaƙen fata muƙamin limanci da shiga haikali, wato har da ɗaurin iyali na har abada. Watanni bayan ɗage haramcin 'yan mishan suka iso Najeriya da Ghana, inda suka tarar da jama'ar da suka daɗe suna taruwa da sunan cocin suna jira. Gwamnatin Jerry Rawlings ta dakatar da ayyukansa a Ghana daga Yunin 1989 zuwa ƙarshen 1990. Yau akwai haikali a Accra tun 2004 da Aba tun 2005, da cibiyar horar da 'yan mishan a Accra wadda mafi yawan masu shiga cikinta 'yan Afirka ne. Ga saurayi daga Kumasi ko Fatakwal lissafin gida daban ne. Wataƙila shi kaɗai ne mabiyin cocin a gidansu, iyayensa 'yan Katolika ne ko Methodist da suke yi wa abin kallon tuhuma. Asusun cocin yana ɗaukar mafi yawan kuɗin, amma gidan ya rasa hannun babban ɗa na shekara biyu, a shekarun da ake sa ran ya fara kawo wani abu. Kiran Litinin a wurinsa yana bukatar data da caji a wayar uwa, kuma abin da zai ji yana iya zama kuɗin makarantar ƙanne ko asibitin baba, abubuwan da ba shi da ko sisin da zai tura a kansu. Amma kiran nan ne kuma yake nuna wa uwar da ta zaci wata baƙuwar ƙungiya ta raba ta da ɗanta cewa yana nan lafiya, yana ci yana sha, bai manta harshen gida ba.

Ranar dawowa tana da nata tsari. A filin jirgin Salt Lake City iyalai kan taru da kwalaye masu rubutu da balan-balan da tutar ƙasar da yaron ya je, har sabon ginin da aka buɗe a 2020 aka keɓe masa ɗaki na musamman don masu tarya, saboda cunkoson da suke haddasawa. Daga nan sai wurin shugaban gundumar cocin, wanda zai sallame shi a hukumance ya ce ya cire bajon. Da yawa sukan ce daren farko ba sa iya zama a ɗaki su kaɗai, suna ta waiwayen inda abokin aiki yake, kuma sunan yankansu yana yi musu baƙo a kunne.

Jiragen da suke kawo waɗanda suka cika wata 24 su ne suke kawo waɗanda suka dawo a wata na 5. Ƙofa ɗaya suke fitowa, farar riga iri ɗaya, bajo a wuri ɗaya. Wanda yake tsaye a gefe ba zai iya bambance su ba, sai ya duba ko akwai masu jira da kwali a hannu.